Haƙorin Sa'idu da Askar Wanzami

Shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai ina da shekara bakwai, ina cikin famfara. Haƙorana biyu na gaba sun fita, ina yawo da hannu a baki don kada ƙadangare ya ga giɓin, saboda an ce mini in ya gani ba za su sake tsirowa ba. Ƙauyenmu yana kudu da Gazawa, in ka tashi da sassafe a amalanke ka isa da hantsi. Maza a lokacin ba su da zance sai na rediyo. Da an sallame magariba sai su kewaye ta a ƙofar gidanmu, mushen lakol, wato malamin makaranta, yana juya musu abin da ake faɗa da Faransanci. Babana, Laminu, yakan shigo yana girgiza kai, yana cewa bai taɓa zaton talaka zai tsayar da babba ya yi masa tambaya a gaban jama'a ba.

Mu yara namu taron a bakin murhun Iya yake, mahaifiyar Baba. Lokacin girbi ne, an fara kawo gyaɗa daga gona. In an gama cin tuwo takan binne mana ɗanya a toka mai zafi, mu zauna mu shida ko bakwai har da 'ya'yan maƙwabta, tana tono mana ita da ɗan kara tana ba mu tatsuniya. Gajeriyar mace ce, muryarta kuwa babba. In ta kwaikwayi kukan kura har kajin da ke kwance a akurki sai sun motsa. A kan al'ada ba ta da sauƙi. Ita ta tsaya a kan Innarmu ta yi wankan jego kwana arba'in cif, ko na yamma ɗaya ba ta ɗage mata ba. Ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba. In da mu take magana ta ce "ubanku", in da shi ne ta ce "kai", kamar yadda kowace uwa take jin kunyar ɗan fari. Mun san daga tsallaken iyaka ta zo, wani ƙauye na ƙasar Katsina, ta auri kakanmu wanda ya rasu tun kafin a haife ni. Iyakar abin da muka sani ke nan.

A waɗannan kwanaki ƙanena Sa'idu yana da wata bakwai. Ya fara dalalar miyau, duk abin da hannunsa ya kama sai baki: bakin zane, ludayi, yatsana. Kowa ya ce haƙori ne, aka yi ta dariya. Sai jikinsa ya yi zafi, sai gudawa. Aka ce haƙori ne dai, haka yake zuwa. Kwana huɗu yaron da ke ƙyalƙyala dariya in na buɗe masa giɓina ya koma kwance a bayan Inna kamar tsumma, idanunsa sun faɗa, kukansa ma ba ya fita sosai.

Gwaggo Habsu, ƙanwar kakanmu, ita ce ungozomar unguwarmu. Ta zo ta sa yatsa a bakinsa ta shafa dasashin, ta ce, "Haƙoran ne suka tokare, sun rasa hanya. A kira wanzami ya tsaga mishi, da jinin ya fita zafin ya sauka."

Baba ya aika wa wanzami, aka tsayar da magana a kan gobe da safe. Na ji Iya ta ce masa a hankali, "Kai, da an bar wanzamin nan." Baba ya yi dariya ya ce, "Iya, ke da kanki? Ke da ko farcen jariri ba a yankewa sai kin yarda da ranar?" Ya ɗauki rediyonsa ya fita.

Da yammar nan muka taru kamar kullum. Inna ma ta fito da Sa'idu a cinya, ta zauna nesa da wutar kaɗan tana yi masa fifita. Iya ba ta binne gyaɗa ba. Ba ta kuma buɗe da kalmomin da aka saba buɗe tatsuniya da su ba, mu amsa mata. Ta dai kalli garwashin ta ce, "Ku matso. Wagga ban taɓa ba ku ita ba."

Ta ce a wani ƙauye mai rijiya ɗaya da tsamiya a bakin kasuwa, an yi wata yarinya da ta haifi ɗa namiji. Yaron yana da wata tawada a bayan kunnen hagu, kuma ba ya barci sai ya riƙe ɗan kunnen uwarsa. Da ya kai wata shida ya fara haƙori, jikinsa ya yi zafi, cikinsa ya ɓaci. Tsofaffin gida suka ce a kira wanzami. Wanzami ya zo da zabirarsa, ya zauna a gindin rumbu, ya wasa aska a tafin hannu. Aka ce wa zai riƙe yaron? Uwar ta ce ita za ta riƙe, don ba ya yarda da kowa. Ta matse ƙafafunsa a tsakanin cinyoyinta, ta kama hannayensa biyu da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta buɗe masa baki.

Ni duk zatona a nan ne abin zai juya. Na ce, "Iya, sai dodo ya fito?"

Ta ce, "Babu dodo a cikin wagga."

Ta ci gaba. Wanzami ya tsaga dasashin ƙasa ta gefen dama, ya shafa magani, aka sallame shi ya tafi. Jini bai tsaya ba. Uwar ta sa masa nono, ya kama ya saki, abin da ya gangaro a ƙirjinta ja ne. Ta canza masa zane sau uku kafin azahar. Tsofaffi suka ce mugun jini ne yake fita, ta yi haƙuri. Ta yi haƙuri. Da la'asar hannun da ke riƙe da ɗan kunnenta ya saki.

Babu wanda ya motsa a cikinmu. A tatsuniyoyin Iya in mutum ya mutu yakan tashi, ko tsuntsuwa ta zo da magani, ko a farka cikin dodo a fito da shi. Muka jira. Ita kuwa muryarta ta yi ƙasa, ta ce da za a yi wa yaron wanka, uwar ta sa yatsa ta share masa baki. Sai ta ji wani abu ya karce ta. Ta duba, ga ɗan farin haƙori ya huda ya fito da kansa, a gefen hagu, inda aska ba ta taɓa ba.

Inna ta daina fifita. A lokacin ne na lura Baba yana tsaye a bakin zaure da rediyo a hannu, ya shigo zai yi alwalar isha'i. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Wata 'yar maƙwabtanmu, Mariyama, ta fi mu baki. Ta ce, "Iya, mi sunan yaron?"

Iya ta ce, "Ba ni iya faɗi, ɗiyata. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari."

Ni ban gane nan take ba. Abin da na gani shi ne Inna ta dafe ƙirji ta ce innalillahi, Baba kuma ya kashe rediyon. Ya tako har gaban murhun ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gabanmu ba.

"Iya, mi kike faɗi?"

"Abin da ka ji."

"To ni fa?"

Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Kai na biyu ne, Laminu."

Sunan da nake ji kullum a bakin abokansa da masu sayen wake, da ya fito daga bakinta sai ya zama kamar na wani baƙo. Baba, mutum mai gemu da 'ya'ya uku, ya zauna daɓas a ƙasa, bakinsa a buɗe. Iya ta ce aurenta na fari ne, a can garinsu. Bayan abin ya faru ta kasa zama a gidan, duk ta fito tsakar gida sai ta ga gindin rumbun. Auren ya mutu, ta ƙetaro wajen wata innarta, a nan kakanmu ya gan ta. Shi kaɗai ta gaya wa, ya kuma tafi da maganar kabarinsa. "Da aka haife ka," in ji ta, "mutane suka ɗauka kai ne na fari, na bar su a haka. Ya fi mini sauƙi in ɓoye sunanka da in buɗe baki in ce da hannuna na riƙe wancan."

Sai ta nuna Sa'idu. "Ɗazu na ce maka a bari, ka yi dariya. Yanzu ka ji dalili. Yaron naka ne."

Aka kore mu muka shiga ɗaki. Ranar ko faɗan tabarma ba mu yi ba.

Da safe wanzami ya zo rataye da zabira, ya tarar Baba ya riga ya ɗaura bijimi a amalanke, za a kai Sa'idu asibiti. Iya da kanta ta fita zaure ta gai da wanzamin, ta ba shi haƙuri da goro biyu. Shi bai ja magana ba, ya ce kiransa aka yi ya zo. Gwaggo Habsu ce ranta ya ɓaci. Ta tsaya a tsakar gida tana cewa, "Mu nawa aka tsaga ma dasashi a garin nan? Ga mu muna cin tuwo!"

Iya ta ce, "Waɗanda ba su ci ba, Habsu, ba su nan balle su ba ki amsa."

Kwanansu uku a asibitin Gazawa. Inna ta ba ni labari bayan na girma. Ta ce likitan ya ja fatar cikin Sa'idu ya saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ya ce zazzaɓin sauro ne, gudawa kuma ta tsotse ruwan jikinsa. Ya ce haƙori yakan sa yaro rigima da dalala, jikinsa ya ɗan ɗumama, amma ba ya kwantar da yaro haka, kuma da an zubar masa da jini a wannan hali Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. Aka yi masa ƙarin ruwa da allura, aka koya wa Inna haɗa ruwan gishiri da sukari. Ya dawo a rame, amma yana kama nono. Haƙorin bai fito ba sai bayan kusan mako uku. Inna tana ba shi kunu ta ji ƙyas a jikin cokali.

Iya ta koma binne gyaɗa, kura da dodo suka dawo. Sunan Baba kuwa ban sake ji a bakinta ba, ta koma "ubanku" da "kai" har ta bar duniya. Ni ce dai na kasa komawa yadda nake. In tana ba da tatsuniya sai in riƙa kallon fuskarta maimakon wutar, ina neman in gane ko wannan ma ta faru.

Da ina yarinya na ɗauka darasin daren nan shi ne kada a kai yaro ga aska. Wannan gaskiya ne, kuma na riƙe shi. Na haifi huɗu a Cadawa inda nake aure, babu wanda zafin jikinsa ya kwana biyu na zauna ina cewa haƙori ne. Sai da na goyi ɗan farina, na ji yadda kunyarsa take hana ni ko yabonsa a gaban mutane alhali raina yana kansa, sannan na fara gane nauyin abin da Iya ta yi. Shekara kusan arba'in babu wanda ya yi mata gaisuwar yaron nan, in ban da kakanmu babu wanda ya san akwai shi a garinmu balle ya sa shi a addu'a. Tana iya mutuwa da sirrinta da mutuncinta na tsohuwar da ba ta kuskure. Ta zaɓi ta zauna a gaban surukarta da jikokinta da 'ya'yan maƙwabta ta ce da hannunta ta riƙe, don kada Inna ta wayi gari ta riƙe nata.

Bayan rasuwarta Baba ya hau motar kasuwa ya ƙetara iyaka, ya nemi ƙauyen. Tsamiyar tana nan, rijiyar ta rufta. Ya sami wata tsohuwa makauniya da ta tuna Iya, ta tuna yaron mai tawada a bayan kunne, ta gaya masa sunansa. Da ya dawo muka taru muna tambaya. Ya ce tun da mai ɗan ba ta faɗa ba, ba daga bakinsa za mu ji ba.

Yanzu ya tsufa, ba ya zuwa gona. In na je gida nakan ji shi bayan sallar asuba yana jero mamatansa. Yakan ce Allah ya ji ƙan ubansa, ya ji ƙan uwarsa. Sai ya ɗan tsaya, ya ce, "Da yayana."