Ƙarfen Baba da Ƙararrawar Rafin Kanya

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Istifanus, katikis na cocin Katolika da ke Gidan Tsamiya. Daga Khumra nake rubutun nan, a kudancin Jidda inda nake aikin walda, kuma gara in faɗa tun da wuri: kishi ne fal cikina.

Cocinmu ginin ƙasa ne, ba mu taɓa mallakar ƙararrawa ba. Wani tsohon ƙarfen tayar mota Baba ya rataye a reshen tsamiya. Ran Lahadi sai ya buga, ya tsaya, ya zaga bayan coci ya leƙa rafi. In ya hango tsohuwa tana tattare zani za ta ƙetaro, ko magidanci da takalmi a hannu, sai ya jira sun hau tudu kafin ya yi bugu na biyu, don da shi ake fara sujada. Mu da muka riga muka zauna mu yi ta tsaki, shi kuwa ko a jikinsa. Cewa yake ba zai fara addu'a da mutum a tsakiyar ruwa ba.

Bayan rasuwarsa matasa suka watse neman abinci, har da ni. Kujeru suka zama fayau, sai Bishop ya haɗe mu da cocin Rafin Kanya ƙarƙashin Fada ɗaya. Nasu aka riƙe. Yana bakin titi, ga siminti, ga ƙararrawar tagulla mai sheƙi. Namu kuwa an ce awaki ke fakewa ciki in ana ruwa.

Abin dariyar shi ne, a nan Jidda ɗaki ɗaya nake kwana da Luka, ɗan Baba Markus, katikis ɗin Rafin Kanya. Tun muna yara ba ma shan inuwa ɗaya. Garin nan babu coci, don haka ran Juma'a da muke hutu mukan tura ƙofa mu yi addu'armu a hankali. Maƙwabcinmu Ammu Usman, Bahaushe haifaffen Jidda, yakan ƙwanƙwasa ya ce, "Yalla, Bishop da mataimakinsa, kun gama? Shayi ya huce." Bai taɓa faɗin wane ne mataimakin ba, ni kuma ban tambaya ba.

Makon jiya aka turo wa Luka bidiyon bikin tunawa da haɗewar. Ga Baba Markus a gaba cikin babbar riga, shi aka ba ya kawo tarihi. Ya ambaci Turawan mishan ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci wanda ya ba da fili, har wanda ya sayi kwanon rufi. Ina ta kasa kunne. Da ya zo kanmu sai ya ce, "da sauran 'yan'uwa na ƙauyuka." Mutumin da ya koya wa rabin masu zaman nan Addu'ar Ubangiji, shi ne ya koma sauran 'yan'uwa. Luka yana murmushi yana kallon ubansa da rai, ni ina kallon Luka, zuciyata na tafasa.

Sai aka buga ƙararrawa. Aka yi shiru mai tsawo, sannan aka sake bugawa. Sabon Fada, wanda baƙo ne, ya tambayi dalilin jinkirin, Baba Markus ya ce haka suka gada daga Turawa.

"Luka, wannan ba haka ba ne, kai ma ka sani," na ce.

"Na sani, Yohanna. Ai Ayuba na garinku ne ke bugawa yanzu. Mutanenku yake jira, su ne na nesa. Ka je Kirsimeti ka faɗa musu mana."

Ya san kafilina, ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce halas, wato magana ta ƙare, ba hutu sai an sabunta iƙama, takardar izinin zamana a ƙasar.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da yana nan. Na tabbata ba zai kula da suna ba. Zai tambaya ne kawai ko ana jiran na baya, in an ce e, ya nemi benci ya zauna ko a ƙarshen layi ne. Ni ban kai shi ba. Ina so a kira sunansa da ƙarfi a gaban jama'a. Ina kishin Luka, ina kishin tagullar nan, ina kishin har tsofaffin da ake jira su hau tudu.

Ƙarfen Baba ban san inda yake ba, wataƙila 'yan gwangwan sun auna shi tuntuni. Abin da ya rage nasa shi ne shirun nan tsakanin bugu da bugu, wanda cocin da ya manta sunansa ke yi duk mako. Na sa Luka ya mayar da bidiyon daidai wurin. Ga Ayuba riƙe da igiya, ya miƙa wuya yana leƙen hanya. Ni ɗan mai abin ina nan Khumra, har yau ban ƙetaro ba.