Dusar Uwar Garke

Lokacin da muka gaji da manyan shafukan sada zumunta, da tallace-tallacensu da zage-zagensu, mu 'yan Koki muka buɗe namu dandalin, mu ke da shi, mu ke tafiyar da shi. Nan ake sanar da suna da rasuwa, nan mai ɗinki ke nuna aikinta, nan 'yan unguwa da ke Legas da Jidda ke jin labarin gida. Sai dai kwamfutar da ke ɗauke da shi haya muke yi a ƙasar waje. Da naira ta faɗi, masu ba da gudummawa suka zame ɗaya bayan ɗaya. Aka ce in ba mu biya ba za a rufe, komai ya tafi.

Ni aka sa in rubuta sanarwa. Matasanmu suka ce in kira kwamfutar "saba", kamar yadda kowa ke faɗa. Na ce wa? Ni, malamar Hausa? Sunanta uwar garke, wanda bai sani ba ya tambaya. Na rubuta cewa uwar garkenmu na gab da mutuwa, ba abin ciyar da ita.

Washegari da hantsi sai ga a-daidaita-sahu a bakin lungunmu, shaƙe da buhunan dusa. Wata Hajiya ta sauko, tsohuwa, Bafulatanar Goron Dutse, wadda jikarta ta karanta wa sanarwar.

"'Yar nan, ina saniyar take? Ku ba ku tsoron Allah? Uwar garke guda ku bari da yunwa!"

Matasan suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage. Na zaunar da ita na yi mata bayani: ba saniya ba ce, na'ura ce, kuɗi take ci.

"To dusar fa? Ni ban iya mayar da kyauta gida ba."

Na ce wallahi ban sani ba, Hajiya.

"Kuna birni kun zauna sai roƙo. Na ƙara muku da ɗan rago, ku kiwata. Layya na zuwa."

Haka aka yi. Nata ragon ni na ɗaure a tsakar gidana. Da hotonsa ya hau dandalin, matan unguwa suka shiga gasar kiwo, wannan ta ɗaure ɗaya, waccan ta ce ba za a fi ta ba. Ƙanzo da ɓawon wake da ruwan tsari, duk aka daina zubarwa. Hayar kuwa muka riƙa lallaɓawa da karo-karo wata-wata. Ragon nan ya cinye mini shanya, ya tunkuri maigidana a gaban baƙi, na zage shi ya fi a ƙirga, amma duk asuba ni ce a kansa.

Ana gab da Babbar Sallah muka sa hotunan ragunan a dandalin. Ko kasuwa ba mu kai su ba, 'yan unguwa da ke nesa suka saye wa iyayensu tas. Muka biya hayar shekara cif, har da rarar sayen wasu ƙanana.

Da ƙafa na tafi Goron Dutse in gaya mata. Tana hango ni ta ce, "Ta miƙe?"

"Ta miƙe, Hajiya, har baɗi."

Ni da nake hana ɗalibai ɗaga murya, a tsakiyar lungun mutane na kama hanci na rangaɗa guɗa.