Ɗakin da Rakiya Ba Ta Auna Ba

In ka shiga ƙauyukan da ke gaba da Bagega ka ce Rakiya kake nema, za a tambaye ka wacce, don Rakiyoyi a can sun fi kaji yawa. Amma ka ce Rakiya Ɗari Huɗu, ko akuya za ta nuna maka ƙofar gidan. Doguwa ce, siririya, mai wushirya, irin matan da in suka kalli tabarmarka sai ka ji kamar ba ka share ƙarƙashinta ba. Kuma ba ka share ɗin ba.

'Yar Bukkuyum ce. Ubanta mai awon gero ne a kasuwar mako, mutumin da tiyar da yake auna wa baƙo ita yake auna wa surukinsa, abin da ya sa surukin bai taɓa sonsa ba. Ya bar ta ta yi karatu a Gummi har aji uku na sakandare, sannan ta auri Namadi, manomi mai haƙuri, wanda duk wata magana mai nauyi amsarsa ita ce a bari a gani.

Sai zinare ya zo. Maza suka bar gona suka shiga ramu, ana kwaso duwatsu a buhu har tsakar gida, mata na dakawa a turmin da za su daka fura. Ƙura ta bi ɗaki, ta bi tukunya, ta bi hannun yara zuwa baki. Yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Aka ce iska ce, aka ce mayu ne, har aka kori wata tsohuwa da ba ta da laifin komai sai munin fuska. Rakiya ta binne biyu a damina ɗaya. Daga baya likitoci suka zo suka ce dalma ce a cikin dutsen, kuma ta riga ta zauna a ƙasar kowane gida.

Aikin da aka kawo shi ne a kankare ƙasar gida, a kwashe, a zuba sabuwa, sannan a auna da wata na'ura mai kama da bindigar wasa. To amma wane magidanci ne zai bar ƙato ya shiga har uwar ɗakin matarsa da sunan awo? Dole aka nemi mace mai iya karanta lamba. Haka Rakiya ta sami aiki.

Wanda ya koya mata, Dominic, mutumin kudancin Kaduna ne, gajere, mai gilashi, ba ya dariya kafin azahar. Ƙa'idarsa ba ta da yawa, amma ba ta lanƙwasa. Kowane ɗaki wuri biyar za a auna, kusurwa huɗu da tsakiya. Duk abin da aka gina da ƙasa, murhu ne, dakali ne, gado ne, shi ma a ɗora masa na'ura. Lamba ta wuce ɗari huɗu, gida ya faɗi, a sake aiki. Kuma kada a rubuta lambar da ba a gani da ido ba. Ya gaya mata cewa likitoci ba sa zuwa gidan, takardar suke gani, da ita suke yanke ko a ba yaro magani ya sha a gida, don maganin ba ya amfani ga yaron da zai koma ya kwanta cikin gubar.

Rakiya ta riƙe wannan kamar karatun sallah. Gida talatin da ɗaya ta auna. Ta kayar da gidan liman sau biyu saboda murhu. Wata amarya ta yi mata kuka kan dakalin ƙofarta, Rakiya ta jira ta gama ta ce a fasa. Mata suka sa mata Ɗari Huɗu, ba don ƙauna ba.

Gida na talatin da biyu nasu ne.

Ta auna ɗakinta, ta auna madafa, ta auna zaure, har akurkin kaji bai tsira ba. Sai ta iso ƙofar uwar mijinta, Inna Sahura. Ku da kuka san kunyar suruka ba sai an yi muku dogon bayani ba. Shekara goma sha ɗaya Rakiya ba ta taɓa kiran sunan matar nan ba, ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba, iyakarta bakin ƙofa, a durƙushe. Ita kuwa Inna Sahura harshenta ya fi aska. Masu kankare ƙasa ta bar su sun yi daɓen ɗakin tana tsaye a kansu, amma gadon ƙasan da ke can ƙurya ta shimfiɗa masa bargo ta ce wanda ya taɓa shi sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Marigayi mijinta, Malam Mainasara, shi ya gina mata shi da hannunsa, a ranin shekarar da ya rasu.

Da ta ga Rakiya da na'ura sai ta ce, "Ke ɗiyar mai awo, gero kika ɗauke ni? Ɗakina tsab yake. Wuce."

Rakiya ta miƙa hannu daga inda take durƙushe, ta ɗora na'urar a daɓen bakin ƙofa. Ɗari da tamanin. Lamba mai kyau. Ta koma gindin rumbu, ta kalli sauran gurabe huɗu da ke takardar, ta ce a ranta ai ƙasa ɗaya aka zuba. Ta cika su da lambobi 'yan'uwan juna. A gurbin abin da aka gina da ƙasa ta rubuta babu. Ta sa hannu. Matar da ta kayar da liman, bargo ɗaya ya kayar da ita.

Autarta Khairat tana da shekara biyu da rabi a lokacin, baƙa, mai kumatu, mai surutu kamar rediyo. Kakarta na kiranta ƙawata. Kullum Rakiya ta fita aiki, a ɗakin kakar yarinyar take wuni, a gadon nan take barcin rana. Kuma kun san yara da ƙasa: gefen gadon ya yi santsi, tana ƙwaƙule shi da farce tana lasa.

Da aka gwada jinin yaran ƙauyen, na Khairat ya hau. Tunda gidansu ya ci awo, aka ba su magani. Lambar ta sauka, kowa ya yi hamdala. Bayan wata biyu ta sake hawa. Aka sake ba da magani, aka tambayi Namadi ko ya koma rami a ɓoye, ya rantse har da hawaye. Rakiya ta wanke kowace tukunya, ta ƙone tsohon turmi, ta hana yarinyar fita waje. Ta nemi laifin ko'ina ban da wurin da zuciyarta ke nuna mata. Tun daga nan surutun Khairat ya fara raguwa, ta daina cin tuwo, tana tafiya tana tangaɗi.

Wata Talata da hantsi, Rakiya na tankaɗe, ta ji Inna Sahura na salati da wata murya da ba ta san ta da ita ba. Khairat ce a ƙasa, ido ya juye, haƙora sun datse, ƙafa na shure-shure. Namadi ya tayar da babur. Rakiya ta rungume ta a baya, ta sa yatsa tana taɓa wuyanta a kowane rami suka faɗa, daga ƙauyen har Anka, tana roƙon Allah kada ya sa ta binne na uku.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su, Sista Regina, ta daɗe a kan yaran dalma har ta iya Hausar ƙauye. Sai da la'asar jijjigar ta lafa. Ta kira Rakiya gefe ta gaya mata gaskiya ba ado: za su riƙe yarinyar kwanaki, amma in ta koma inda take samun gubar, jikin nan ba zai ɗauki wani karon ba. Ta ce ta rasa gane daga ina abin ke shiga. Ta jawo fayil, ta buɗe takardar gidan, ta bi lambobin da yatsa har ƙasa, ta ga sa hannun. Sai ta saki ajiyar zuciya.

"Au, ke kika auna. To ba gidan ba ne. Sai mu duba rijiya."

Da zaginta ta yi da ya fi sauƙi. Rakiya ta ga yadda za a kwashe mako biyu ana bin rijiyoyi da makwabta saboda an yarda da hannunta, sannan a sallami Khairat ta koma ɗakin kakarta. Ta ce, "Sista, akwai ɗakin da ban shiga ba." Ta faɗi sauran tana kallon ƙasa.

Dominic bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya ce duk gidajen da ta sa wa hannu za a sake aunawa, kuma za ta ajiye na'ura. Amma matar da za ta maye gurbinta tana wani ƙauye, sai bayan kwana huɗu. Rakiya ta ce ba za ta iya kwana huɗu cikin rashin sani ba. Ya yarda ta auna, da sharaɗin yana tsaye a ƙofa yana ganin lambar da idonsa. Namadi, da aka ce ya yi wa uwarsa magana, ya ce a bari a gani. Rakiya ta ce masa an gani.

Washegari da safe ta cire takalmi, ta yi sallama, ta taka cikin ɗakin da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. Inna Sahura na zaune a kan gadon da carbi, ido ya kumbura.

"Har ciki yau? Da wani ƙato a ƙofata?"

"Inna, ki gafarce ni. Ki ɗan ɗaga bargon."

"Mi gadona ya yi miki? Mutumin da ya gina shi ko ƙuda bai taɓa kashewa ba."

"Da wace ƙasa Baba ya gina shi, Inna?"

Tsohuwar ta ajiye carbin. Ta sani. Kowa a lokacin ya sani: yashin da ke saura bayan an wanke zinare laushi gare shi, yana kama jiki, gara ba ta cinsa. Malam Mainasara da kansa ya yi ta ɗebo shi a kwando don matarsa ta sami gadon da ya fi na kowa.

Rakiya ta ɗaga gefen bargon da kanta. Ga wurin da ƙananan farce suka rarake, kamar ɓera ya ci. Nan ta ɗora na'urar. Dubu goma sha ɗaya da ɗari shida. Dominic ya cire gilashi ya goge ya mayar.

Inna Sahura ba ta karatu. Ta ce, "Nawa?"

"In tiya ɗaya aka yarda da ita, Inna, nan akwai kusan talatin."

Tsohuwar ta sauko a hankali, ta fita, ta zauna gindin rumbu ta ba ɗakin baya. Abu ɗaya ta roƙa, kada baƙo ya fasa. Aka ɗaura wa Namadi ƙyalle a hanci, aka jiƙa gadon da ruwa don kada ƙura ta tashi, ya sa diga a aikin ubansa yana kuka kamar yaro. Aka zuba a buhuna za a kai ramin da ake binne irin wannan ƙasa. Ana fitar da buhu na ƙarshe, wani ɗan gutsure kamar ƙwallon goro ya faɗo. Inna Sahura ta miƙa hannu kamar mai tsintar carbi, ta ƙulle shi a haɓar zane. Ba wanda ya gani sai Ɗari Huɗu.

Rakiya ta je ta durƙusa a gabanta, ta buɗe tafin hannu. Karon farko a shekara goma sha ɗaya ta kalle ta ido cikin ido.

"Inna, ba ni."

"Ɗan wanga kaɗai? Shi ke nan abin da ya rage min na hannunshi."

"A cinyarki Khairat take zama."

An daɗe a haka, har kaji suka dawo kiwo a tsakaninsu. Sannan tsohuwar ta kwance ƙullin, ta ajiye mata. Ta ce, "Ɗiyar mai awo. Da tun ranar nan kika yi min rashin kunyar ga." Maganar da Rakiya take gaya wa kanta ke nan tun daga Anka.

Gidaje talatin da ɗayan nan, da aka sake aunawa, ba a sami kuskure ko ɗaya ba. Bayan wata uku aka mayar mata da na'ura, kuma daga ranar babu bargo, babu labule, babu tsufa da ya sake tsayar da ita a bakin ƙofa. Tsofaffi sun tsine mata har sun gaji.

Khairat ta rayu. Sai dai rediyon nan bai dawo ba. Yanzu ta yi tsawon uwarta, tana jan ƙafar hagu, kalma ɗaya sai ta yi mata dogon nema kafin ta fito, makaranta kuwa an gwada an haƙura. Inna Sahura, wadda ta ƙi gadon ƙarfen da Namadi ya kawo mata, a tabarma take kwana har yau, kuma ita ke tsefe wa ƙawarta kai duk Juma'a, tana yi mata tsiya cewa duk ƙauyen ba mai gashi mai taurin nata. Rakiya na wanki a gefe tana jinsu. In tsiyar ta yi tsiya, Khairat takan ɗago ta fara haɗa amsa, sai matan biyu su tsayar da hannu, su jira, komai daɗewar da za ta yi.