Saƙon Juma'a na Sabi'u

Ina cikin share tsofaffin ayyuka a sabar ofishinmu na ci karo da sunan Sabi'u.

Abokin aikina ne, wata uku ke nan da aka rasa shi a rikici. Sabar kuwa kwamfuta ce da muke haya a cikin wata babbar kwamfuta, kuma oga ya ce a rufe ta ranar Litinin.

Ashe Sabi'u ya bar 'yan layukan umarni a ciki. Duk Juma'a da ƙarfe tara na safe suna tura wa mahaifiyarsa saƙon tes: "Barka da Juma'a, Inna." Ba su taɓa fashi ba, don babu wanda ya gaya musu ya rasu.

Na je gidansu a unguwar Laranto na same ta tana tsintar shinkafa. Na yi mata bayani, na ce, "Inna, ki yi haƙuri, zan kashe shi."

Ta ɗago kai. "Kashewa kuma? Ai an riga an yi wannan."

Kalmar da muke faɗa wa fitila da janareto ce, ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar.

"Na san inji ne, ɗana," in ji ta. "Amma duk sanda saƙon ya shigo, nakan yi masa addu'a."

Na kwashe layukan na mayar da su sabuwar sabar ofis, ko harafi ban canja ba. Jiya ma saƙon ya tafi.

Har yanzu ban tabbatar daidai na yi ba. Da ku ne, ya za ku yi?