Daga Rikoto Zuwa Gidan Ladi a Ingila

Gari bai waye ba muka bar Rikoto, unguwarmu a Zuru, ni da Ishaya, ƙanen marigayi maigidana, wanda ya dage sai ya ga shigata filin jirgi da idonsa. Ku matan zumunta da kuka raka ni da addu'a kun ce in na dawo in ba ku labari. To ga shi na rubuta, don kada bakina ya gaji da maimaitawa.

'Yata Ladi nas ce, ta samu aiki a wani asibiti a arewacin Ingila. Ta tafi da mijinta Bitrus da yaransu biyu, Alheri mai shekara biyar da Dauda da bai cika biyu ba. Ba a jima ba ta kira ni tana kuka: "Mama, ki zo ki kwashi yaran nan ki koma da su Zuru. Mun kasa." Na ce mata zuwa kam zan zo, amma maganar kwasar yara sai na gani da idona. Biza ta ja mu watanni kafin ta fito.

Zuru zuwa Abuja

Ƙaramar bas muka shiga a tasha. Tsakanin Zuru da Rijau ramuka sun jijjiga mu har na fara ƙorafi. Direba ya ce, "Mama, hanyar ga ba ta son gaggawa, ki dai riƙe kujera."

A wani shingen sojoji kafin Kontagora, wani matashin soja ya taɓa buhuna ya ce, "Mama, me ke ciki?"

"Garin dawa da kuka da daddawa."

"Zuwa ina?"

"Ingila."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Na ce, "Ɗana, ni matar soja ce, ban taɓa zuwa sabon bariki ba tare da garina ba." Ya sara mini, muka wuce.

Mun ci shinkafa da wake a Kontagora, muka bi ta Tegina da Minna, muka shiga Abuja bayan magariba. A Lugbe muka kwana, gidan 'yar Ishaya, saboda kusa yake da filin jirgi.

Abuja zuwa Landan

Ban ji tsoron jirgi ba, sanyin cikinsa ne ya dame ni. Da muka sauka, na nuna wa jami'ar kwastan duk abin da na ɗauko. Ta karɓe kilishin da na saya wa Bitrus, ta ce ba a shiga da nama. Ta sunsuni daddawa, ta ja da baya, ta miƙo mini abina da hannu bibbiyu.

Bitrus ne ya zo tarbata. Mutumin da na sani malamin makaranta a Zuru, mai ƙiba da fara'a, na same shi ya rame, wuya ya fito. Yanzu kaya yake jerawa a wani katafaren sito. A jirgin ƙasan da ya kai mu arewa, muna cikin gaisuwa barci ya ɗauke shi.

Gidan Ladi

Ɗaki biyu ne da falo a saman bene. Abin da na fara gani akwatuna ne jere a bango, yawancinsu ba a ko buɗe ba. Labule a rufe da rana tsaka. Ladi na fita aiki, Bitrus na shigowa. A bakin ƙofa suke miƙa wa juna Dauda. Ba su san sunan maƙwabci ko ɗaya ba.

Alheri ce ta fi tayar mini da hankali. Yarinyar da surutunta ke cika tsakar gidana, malamarta ta ce tun da aka kai ta ba ta ce uffan ba a aji. Ko bayi take so ba ta faɗa, sai ta jiƙa kayanta.

Washegari na ce wa Bitrus ya kawo wuƙa mu yanke igiyoyin akwatuna. Ya ce, "Mama, ai ba mu san ko za mu zauna ba."

Na ce, "A barikin Inugu na haifi matarka, ban san kalmar Ibo ko ɗaya ba. Ranar da muka sauka na kafa murhu. Yanke."

Muka jera kaya, na ɗage labule, na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka. Dauda ya ci har ya yi barci da loma a hannu.

Bayan kwana biyu na soya ƙosai na bi ƙofofin maƙwabta, Ladi na cewa, "Mama, nan ba a yin haka!" Gida na farko mutumin ya karɓa ta tsagar ƙofa, ya yi godiya, ya rufe. Na biyu ba a buɗe ba, alhali ina jin motsi a ciki. Na dawo da sauran ƙosaina muka cinye. Ban ji daɗi ba, amma ban fasa gaishe su a matakala ba.

Ƙofar makaranta

Ni na karɓi kai Alheri makaranta, Dauda a bayana da zane, ruwan sama na yayyafi kusan kullum. Wata safiya na ji wata mata ta ɗaga murya: "Ke Maryam, bar gudu, za ki faɗi!" Na juya kamar an kira sunana.

Na ce, "Baiwar Allah, Hausa nake ji?"

Ta riƙe baki. "Ikon Allah! Daga ina?"

Hajiya Fati ke nan, 'yar zangon Kumasi, ta daɗe a garin, kuma Maryam ajinsu ɗaya da Alheri. Ranar a gidanta na sha shayi. Ita ta nuna mini shagon da ake samun kuɓewa da manja, da wani zaure inda iyaye ke kai ƙananan yara wasa da safe. Ta ce ita aikin yamma take yi. In Ladi za ta riƙe mata Maryam wasu ranaku, ita kuma za ta riƙa ɗauko Alheri.

Ranar Lahadi bayan sujada Ladi ta ce za ta saya wa yara tikiti. Na ajiye cokali na ce, "Ba zan tafi da su ba."

"Mama, kin fa ga yadda muke!"

"Na gani. In na kai su Zuru za su ƙoshi, za su yi wasa, amma a waya za su san uwarsu. Kin taɓa zuwa wajen shugabarki kin ce a tsayar miki da ranakun aiki?"

"Sabuwa ce ni, ba na son a ce ina da matsala."

"Kina da yara. Je ki faɗa."

Ta kwana biyu tana fushi da ni. Amma ta je. Karon farko aka ce babu hali. Na ce ta koma. Karo na biyu aka tsayar mata da ranaku. Bitrus ma ya nemi a mayar da shi aikin ƙarshen mako, ya koyi yi wa Dauda wanka, ya koyi tuƙa tuwo, ko da yake har na taho da gudaji yake fitowa.

Alheri kuwa da Maryam ta fara magana, cikin raɗa, da Hausa. Ana saura mako guda in taho, malamar ta tare ni a ƙofa tana murna: yarinya ta ɗaga hannu ta nemi izinin zuwa bayi da Turanci.

Komowa

Ba zan ce muku komai ya daidaita ba. Ladi na dawowa a gajiye, Dauda na fama da tari, sanyi ma bai kankama ba tukuna. A tashar jirgin ƙasa Ladi ta riƙe hannuna ta ce, "In abin ya sake ƙi fa, Mama?"

Na ce, "Ki kira ni. Ni zan zo, ba su za su tafi ba."

Na kwana a Lugbe, na biyo hanyar Kontagora, na iso Rikoto da la'asar. Maƙwabciyata Saratu ta fito da gudu, ta dubi bayana, ta leƙa cikin mota, ta ce, "Ina yaran?"

Na ce, "Suna gidansu."

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Ishaya, da Hajiya Fati, da ku duka. Ku ci gaba da sa gidan Ladi a addu'a.