Faifan da Malam Tsuruta bai buɗe ba

Ranar Talata, 4 ga Fabrairu, Malam Tsuruta Masaomi ya rasu a asibiti a garin Odawara, yana da shekara saba'in da takwas. 'Yarsa Kayoko ce ta kira ni ina tsaka da share shagonmu na ceto bayanai daga faifan ajiyar kwamfuta.

Malam, shekara ashirin da shida ina zaune kusa da kai. Kai kaɗai na sani da ke ɗora kunne a kan faifai ya faɗi saurin juyinsa. Za ka ce, "Wannan dubu bakwai da ɗari biyu yake yi a minti, amma allurarsa na ɗingishi." Ban taɓa kama ka da kuskure ba, kuma Allah ya sani na nema.

Lokacin da matasa ke murnar faifai ya ƙara sauri da ɗaukar kaya, kai tsaki kake yi. Ka ce mini, "Fumie, da can ƙwayar ƙura ɗaya wasiƙa ɗaya take ci. Yanzu da aka cusa komai wuri guda, ajiyar shekara goma take cinyewa." Duk da haka ka mayar wa wata tsohuwa hotunan ɗanta daga faifan da ruwa ya ci, bayan shaguna uku sun sallame ta. Rannan ba ka ci shinkafar ranarka ba sai da ta huce.

Faifai ɗaya ne ya gagare ka, naka na gida, mai ɗauke da muryar marigayiya matarka, Sumie. Ya faɗi ya karce shekarar da ta rasu. Irin wannan sau ɗaya ake kunna shi. In allura ta sake gogar wurin, shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya yana cikin aljihun teburinka. Duk lokacin da na ce ka kawo in gwada, sai ka ce, "Ke da hannunki mai rawa? Bari sai gobe." Hannuna bai taɓa rawa ba, Malam. Tsoro kake ji, ni kuma na biye maka, kuma wannan yana damuna har yau.

Makon jiya na buɗe shi. Daƙiƙa arba'in kawai na samu. Sumie ce a kicin tana cewa, "Masaomi, bar ƙarfen nan ka zo, miya za ta huce." Ranar addu'ar kwana arba'in da tara da ake yi a al'adarmu na kunna muryar da na kwafo a gaban hotonka, ni da Kayoko. Ba wanda ya amsa mata. Da na matsa maka tun bara, da kai ne ka ji.

Yanzu shagon ya yi mini faɗi. In faifai ya yi ƙara, har yau juyawa nake in tambaye ka.

Allah ya ji ƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya haɗa ka da mai kiranka. Kayoko, ke da yaranki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya ba ni nawa.