Kwalin Kafso da Na Aika wa Baba

Ranar Talata ce, bayan La'asar, a wani asibiti a Ƙaura Namoda. Mu uku ne a ɗakin: ni, da likita, da mahaifina a kwance, ƙafarsa ta kumbura daga saran fartanya. Shekara uku ke nan da rasuwarsa.

Aikina karanta labarai ne a rediyo. Lokacin korona, da bakina na sha karanta sanarwar cewa antibayotik ba ya maganin cutar, kuma shansa barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. A makon da aka hana zirga-zirga, tsoro ya kama ni. Na sayi kwali guda na kafson antibayotik, na ba wani direba ya kai wa Baba can garin Zurmi, na ce ya sha in ya ji tari.

Baba ya ɗauke shi rigakafi. Ya sha biyu, ya bari, ya koma. Ya raba wa maƙwabta a ƙofar masallaci. Da ya ƙare na aika wani, domin ya yi ta sa mini albarka.

A ranar Talatar nan a asibiti, likita ya ce an gwada magani iri uku, ciwon bai ja da baya ba. Ya tambayi abin da Baba ya saba sha. Na sunkuyar da kai.

"Likita, wanda ɗana ya aiko ne," in ji Baba. "Shi ka faɗa ma duniya zancen ciwon ga na korona a rediyo. Ya san abin da yake yi."

Likita ya dube ni, ya ci gaba da rubutu.

Ajali na Allah ne, kuma likita bai ɗora mini laifi ba. Ya ce abin ya zama ruwan dare. Abin da na tabbatar shi ne na san gaskiya, na faɗa wa dubban baƙi, na ɓoye wa ubana. Da zai ga yadda ake tallar kafso a faranti ranar kasuwar Shinkafi yau, ba na jin zai damu. Ni na koya masa haka.

Abin da ya bari shi ne kyauta da yarda da mutum. Da su biyun maganin ya zagaye unguwa. Kwana tara bayan wannan Talatar ya rasu. Har yau a unguwarmu sunana ake kiran kafson da shi.